Ina Ɗanɗanon Ganye a Shayin Gwandu da Kalgo?

Daga bakin kasuwar Gwandu har titin Kalgo da ya nufi Bunza, inda mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, ma'aunin shayi a teburin mai shayi ɗaya ne: kauri. "Malam, haɗa mini kakkaura," in ji mai saye, sai a zuba madara, a bi ta da Bournvita ko Milo, a loda sukari, a sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan. Wanda aljihunsa ya yi sanyi ya sha ruwan bunu, shi ma ya ji citta da kanumfari da masoro. Wannan karin kumallo ne mai riƙe ciki, ba na raina shi. Sai dai ganyen da abin ya ci sunansa, aikinsa a nan bai wuce rina ruwa ba.

Shayi baƙo ne a ƙasar nan. Sa'ad da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rasu a 1829, abin shan Gwandu fura da nono ne da kunu. Koren shayin Sin ya cika kasuwannin Maroko ne a shekarun 1850, lokacin da yaƙin Kirimiya ya tare wa fataken Ingila wasu hanyoyinsu. Daga can ya keto hamada a hannun Larabawa da Buzaye, shi ya sa har gobe muke ce masa shayin Buzaye.

A wannan shayin na majalisa ne ake ganin ainihin sauraron ganye. Ganye ne warwas, ba ƙullin 'yar jaka ba. A ɗora 'yar buta a kan gawayi, a bar shi ya daɗe yana tafasa, a yi ta sheƙawa tsakanin ƙananan kofunan gilashi har kumfa ta tsaya. Zubin farko ɗaci ne mai kama harshe. Na biyu ya sauko, ƙamshin na'a-na'a ya fito. Na uku ya yi laushi, zaƙi ya rinjaya. Ganye ɗaya, ɗanɗano uku, kuma masu sha sun san bambancin: za ka ji ana cewa wannan ya ƙone, wancan bai nuna ba, wane ya iya hannu. Ilimi ne sosai, ko da ba a rubuta shi ba. Aibinsa guda, sukari ya yi masa yawa. Samari da dama yanzu ƙarfi kawai suke nema don korar barci, har dafuwar ta wuce kima, ɗaci ya binne komai, a sake binne ɗacin da sukari.

A lardin Yunan na ƙasar Sin akwai wani shayi da ake kira ya bao. Toho ne da ake tsinkowa daga bishiyoyin daji a ƙarshen hunturu, kafin ya buɗe ya zama ganye, a shanya shi a rana. Ruwansa kusan fari ne. Wanda ya saba da kakkaura zai ce an ba shi ruwan zafi. Amma masu shansa ba sa sa masa komai. Sukan sunsuni tohon tun yana busasshe, su jiƙa shi na ɗan lokaci, su kurɓa kaɗan-kaɗan suna neman ƙamshin ƙaron itace da ɗan zaƙin da ke biyo baya a maƙogwaro, sannan su sake zuba ruwa a kan tohon nan sau da yawa. Abin koyi a nan shi ne darajar da suka bai wa tsiron dajinsu, har ya zama hajar da ake aikawa Turai da Amurka.

Mu ma muna da namu. Geza tana fitowa a kan fako da tuddai masu marmara a ƙasar Kabi da Sakkwato, ba mai shuka ta. Ita ce kinkeliba da mutanen Senegal da Mali ke busarwa, su ɗaure dami-dami, su dafa don karin safe da buɗa-baki a watan azumi. Ruwanta ja-ja ne, ɗacinta kaɗan, kuma ba ta hana barci. A wajenmu an fi sanin ta da saƙar kwando da shinge da itacen girki, in an dafa ta kuwa da sunan magani ne. Abin yana damuna, domin gatari na cin ta kullum, alhali da ganyenta na kawo kuɗi da an fi tattalinta.

Ba kowane ganyen daji ake sha ba, sai wanda manya suka sani suka tabbatar. Geza na cikinsu. Ina kira ga masu shayin Gwandu da Kalgo su ware mata buta guda a teburinsu, masu sha kuma su kurɓi kofin farko kafin a zuba sukari.