Sili-Ɗaya-Ƙwale a Fagen Tsoffin Waƙoƙi

Musu a kan mawaƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a Ibohaman ko Keita, ko Buza da Madawa, ko a majalisar dattawa a Sakkwato, ya san yadda ake tayar da shi. Wani ya ce ba a yi kamar Shata ba, wani ya ce in dai waƙa ake nufi to Narambaɗa ake nufi, a yi ta ja har shayi na uku ya huce, a watse ba wanda ya sallama. Abin da ya zo sabo shi ne wayar salula ta samar wa wannan musu alƙali. Tun da WhatsApp ya shigo da hanyar jefa ƙuri'a a ƙarshen 2022, kowane yaro mai waya zai iya jera tsoffin waƙoƙi 16 ko 32, ya haɗa su bibbiyu, ya ce a zaɓa. Wadda ta sami rinjaye ta wuce, wadda ta rasa ta fita ke nan, har a kai ga guda ɗaya a ce ita ce gwana. Sili-ɗaya-ƙwale, kamar yadda masu sharhin ƙwallo ke cewa.

Zaɓen waƙa da kansa mun daɗe da shi. Gidan rediyon Nijar da aka buɗe a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel, da Rediyon Kaduna da ya fara a 1962, su suka koya wa talaka cewa yana da ta cewa a kan abin da za a sa. Shirin Zaɓi Sonka na Kaduna ya ratsa iyaka har cikin ƙauyukan Adar. Mutum ya cika kati, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai, ya nemi a sa masa Haruna Uji ko Ɗanmaraya domin jin daɗinsu, sannan ya kasa kunne makonni yana jiran a karanto sunansa. Sai dai a zaɓi sonka ba a kayar da waƙa. Zaɓenka kyauta ce da kake aika wa wani, kuma wanda ya nemi goge bai rage wa mai neman kalangu komai ba. A sabuwar gasar kuwa, duk ƙuri'ar da ka ba waƙa ɗaya, ɗayar ka hana.

Tsarin fidda gwani ta hanyar kayarwa shi ma mutanen Tawa ba sa bukatar a koya musu. A garinsu aka fara kokowar Takobin Ƙasa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauka, kuma a yau jihohi 8 ke kawo 'yan kokowa goma-goma, wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Tsarin ya dace da kokowa domin kayi abu ne da ido ke gani. Gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba. Bamaraɗe da Ba'adare, duk da adawarsu, dole su yarda da abin da ya faru a gabansu. Waƙa ba ta da ƙasar da za ta taɓa. Abin da ake ƙirgawa shi ne zukatan waɗanda suka halarta, kuma su waye suka halarta tambaya ce da masu shirya gasar ba su cika yi ba.

Tun kafin a je ga wannan, shi kansa lissafin yana da rauni. Waƙa 32 na bukatar karawa 31 a zagaye 5. A 1883 wani malamin lissafi na Oxford a Ingila, Charles Dodgson, ya yi rubutu a kan gasar tanis inda ya nuna cewa a irin wannan tsari na mutum 32, in an raba su da ka, damar da na biyu a ƙwarewa ke da ita ta zuwa wasan ƙarshe 16 ce cikin 31. Wato kusan rabin lokaci zai yi karo da gwanin tun da wuri, ya fita, a bar wanda bai kai shi ba ya zo na biyu. Wannan fa a wasan da ake da tabbacin wa ya fi wa. A waƙa abin ya fi haka rikicewa, kuma wani Bafaranshe, Condorcet, ya gano dalilin tun 1785. A ɗauka masu ƙuri'a kashi uku ne daidai wa daida. Dattawa sun fi son Narambaɗa, sai Shata, sai Barmani Coge. Direbobi sun fi son Shata, sai Barmani, sai Narambaɗa. Mata sun fi son Barmani, sai Narambaɗa, sai Shata. In aka haɗa Narambaɗa da Shata, Narambaɗa ya ci da kashi biyu. In aka haɗa Shata da Barmani, Shata ya ci. In aka haɗa Barmani da Narambaɗa, Barmani ta ci. Ba wanda ya sauya ra'ayi, ba wanda ya yi maguɗi, amma duk wanda aka ajiye ya jira zagaye na biyu shi zai ɗauki kambi. Ashe mai tsara jerin ya riga ya yanke rabin hukunci tun ba a jefa ƙuri'ar farko ba, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya fi damuna ba lissafin ba ne, haɗin gambizar da ake yi ne. Waƙar Bahaushe ta baka kowace da fagenta da aikinta. Narambaɗa makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa, waƙarsa cike da zambo da habaici da tarihin gidan sarauta, wanda bai san yadda 'yan sarki ke takara ba rabinta zai ji. Ɗan'anace na maza ne, ya yi waƙar Shago ne don jinin ɗan dambe ya tafasa a tsakiyar fage. Barmani ta amada ce, da ƙwarya a gaban mata, a cikin gida, ranar suna ko biki, tana faɗin abin da mace ba za ta faɗa a gaban miji ba. Ɗanmaraya shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana ba da labarin karen mota da zaman aure. Sagalo na 'yan kokowa ne. In ka ce a zaɓa tsakanin Dokin Iska na Narambaɗa da waƙar amada, ba ka tambayi wacce ta fi kyau ba, ka tambayi ko maza sun fi mata yawa a zauren WhatsApp ɗin ne. Amsar wannan kuwa an san ta, musamman a karkara inda wayar mai intanet ta fi yawa a hannun samari, uwa kuwa sai dai ta ari ta ɗanta.

Ga kuma zancen ubangida. Yawancin manyan waƙoƙinmu wani aka yi wa, sarki ko attajiri ko ɗan dambe ko manomi, kuma wannan mutumin yana da gari da zuriya. Waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa sarkin wani gari, in ta shiga gasa, 'yan garin ba za su tsaya auna zaƙin kotso ko tsarin ɗiyan waƙa ba, mutuncin gidansu ne aka ɗora a sikeli. Sai a shiga kiran dangi a zo a danna. Ban ga laifinsu ba, domin don haka aka yi waƙar tun farko. Amma sakamakon da zai fito ƙidayar 'yan gari ce, kada a kira shi hukunci a kan fasaha.

Shekaru ma suna jefa tasu ƙuri'ar. Kowa waƙar samartakarsa yake karewa. Wanda ya yi tashe lokacin kaset, da Sa'adu Bori da Musa Fusi suka fitar da faifansu na haɗin gwiwa a 1994, ko lokacin da Sani Abusa ke cika filin rawa, ba zai yarda a kayar masa da su ba, don ba amon jita kawai yake ji ba, yana jin kansa ne yana ɗan shekara ashirin. Adar kuma ƙasar cirani ce. Ɗan Ibohaman da ke Abijan ko Legas ko Libiya, in ya ga mawaƙin gida a jeri, kewar gida ce za ta danna masa. Wannan shi ne ɓangaren gasar da ya fi taɓa ni, kuma shi ne ya fi nisa da awon gwaninta.

Sannan yadda ake sauraro. Bakandamiyar Shata ko ta Narambaɗa ba a yi su don mai sauri ba. Gindin waƙa yana dawowa ne bayan kowane ɗa, kuma daɗin yana cikin yadda mawaƙi ke nisa, ya shiga tarihi, ya yi zambo, ya yi kirari, sannan ya komo gida 'yan amshi su karɓe. A gasar waya kuwa gutsuren rabin minti ake turawa, saboda kuɗin intanet da ƙarancin haƙuri. A rabin minti amshi kawai ake ji. Saboda haka waƙa mai amshi mai kama kunne kullum ita ke cin mai zurfin ɗiya.

Duk da haka, kayin da ya fi ciwo ba a cikin gasar ake yin sa ba, kafin a fara ta ne. Ba abin da ke shiga jeri sai abin da ke cikin memori, ba kuma abin da ke shiga memori sai abin da aka taɓa ɗauka a faifai ko kaset, wani ya juye shi, masu tura waƙa a kasuwa suka yaɗa. Shata ya rasu a 1999 ya bar ɗimbin waƙoƙi a faifai da kaset, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, duk sun sami kamfanoni da gidajen rediyo da suka adana muryoyinsu. To ina zabiyar ƙauye da ta raya bukukuwan kwarin Keita shekara da shekaru? Ina makaɗin noma da ya tsaya bayan gayya? Ina waƙoƙin tende na matan Abzinawa, waɗanda a Ibohaman maƙwabtan Hausawa ne na ƙut da ƙut, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya? Waɗannan ba su faɗi ba, ba a kira su fage ba ne. Yaron da ya ga jerin 32 zai ɗauka iyakar abin da aka yi ke nan.

Ɗan Gurmu misali ne da ya isa a yi tunani. Mawaƙin Adar ne da ƙasa ta girmama har ta sa wa gasar kiɗan zamani sunansa a 1987, gasar da ta fito da mawaƙan Nijar da dama. Ita wannan gasa alƙalai ke yanke ta, bayan sun ji waƙa daga farko har ƙarshe, kuma ko ita ba ta tsira daga ƙorafi ba. Amma a ganina samarin da suka san sunan gasar sun fi waɗanda za su iya gane muryar mai sunan yawa nesa ba kusa ba. In aka haɗa shi da Shata a ƙuri'ar waya, a tsakiyar jihar Tawa ma, ina jin tsoron abin da zai fito, ba don ya gaza ba, don wayoyin da ke ɗauke da Shata sun ninka masu ɗauke da shi.

Ba ina cewa a daina ba. Gasar tana da alherin da ban ga wani abu na yi a yanzu ba: tana sa ɗan shekara goma sha takwas ya nemi waƙar da aka yi kafin a haifi mahaifinsa, ya je ya tambayi kakarsa wane ne wannan da ake wasawa, me ya sa aka yi wa wancan zambo. Musun da ke biyo bayan kowace karawa ya fi sakamakon amfani. Gyara take bukata, kuma gyaran ba mai tsada ba ne. A raba ta fage-fage, na fada daban, na maza daban, na mata daban, na zamani daban. A sa waƙa cikakkiya kafin a buɗe ƙuri'a. A fitar da jerin ta hanyar canki a gaban jama'a, ba mutum ɗaya ya tsara a ɗakinsa ba. Gidajen rediyon karkara sun fi zauren waya dacewa da wannan aiki, domin rediyo yana shiga tsakar gida, kuma tsohuwar da ba ta karatu za ta iya bugo waya ta faɗi zaɓinta da bakinta, ta ma ƙara da dalili.

Ga masu shirya irin wannan gasa a Ibohaman da Keita da Buza da Madawa, roƙona ɗaya ne. Kafin ku rufe jeri, ku ware rabinsa ga mawaƙan ƙasarku, kuma in ba ku same su a memori ba ku bi gida-gida. Akwai kasakasai a akwatunan tsoffin 'yan cirani da zafi da ƙura ke ci, akwai tsofaffin zabiyoyi da 'yan amshi da ke raye waɗanda wayar da kuke jefa ƙuri'a da ita za ta iya ɗaukar muryarsu yau. Ku nemi izininsu, ku ɗauka, ku rubuta sunan mai waƙa da garinsa da wanda aka yi wa, ku kai kwafi gidan rediyo mafi kusa da ku, sannan ku buɗe gasa.