Nahoda, Mai Karanta Iska

A gaɓar tekun gabashin Afirka, daga Lamu da Mombasa har zuwa Zanzibar, har gobe akwai jiragen katako da ke ratsa teku ba da inji ba. Mutanen Suwahili suna kiran babban cikinsu jahazi. Abin da ke tura shi wani ƙaton ƙyalle ne mai kusurwa uku da suke kira tanga, ɗaure a jikin doguwar sanda da ke rataye a karkace bisa gungumen da aka kafa a jirgin. Shugaban tafiya shi ne nahoda, kuma gwanintarsa kaf ta taru a wuri guda: ya san inda iska ta fito, ya san yadda jirginsa ya tsaya mata.

Ilimin yana farawa ne da shekara. A watannin da hunturu ke busawa a ƙasar Hausa, daga Disamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ce ke mulkin wannan teku, sunanta kaskazi. Ita ce ta riƙa kawo jiragen Oman da Yaman da Indiya ɗauke da dabino da tufafi. Daga Afrilu sai ta juya, kusi ta taso daga kudu, ta mai da fatake gida da itatuwan rufin ɗaki da kanumfari. A tsakiyar lokacinta kusi takan yi ƙarfi har teku ta haukace, don haka masu tafiya mai nisa kan tashi a farkonta ko su jira ƙarshenta. Nahodan da ya makara, sai ya zauna a baƙuwar ƙasa wata da watanni.

A cikin jirgi kuwa, hagu da dama ba su wadatar. Ma'aikaci ɗaya yana fuskantar goshin jirgi, wani yana fuskantar baya, hagun wannan daman wancan ne. Shi ya sa aka raba jirgi bisa ga iska. Ɓangaren da take bugowa shi ne joshi, ɓangaren da take ficewa shi ne demani. Da zarar an ambaci ɗaya, kowa ya gane, ko da tsakar dare ne. Jirgi yana kwantawa ne wajen demani, saboda haka mutane da kaya masu nauyi kan koma joshi don su danne shi. A tseren jiragen da ake yi a Lamu lokacin Maulidi, za ka ga samari sun fita kan katakan da aka miƙa waje ta joshi, suna reto bisa ruwa, don kada jirgin ya kife. Haɗari ma ta demani yake zuwa. Gaɓar tana cike da duwatsun murjani, kuma in suna can ɓangaren da iska ke tura ka, kuskure kaɗan zai kai ka kansu. Nahodan ƙwarai kullum yana barin fili a wannan gefe.

In iska tana bayan jirgi, tafiya ba ta da wuya, a saki igiyar tanga ta cika, jirgi ya miƙa. In ta bugo daga gefe, a ja igiyar zuwa rabi, nan jirgi ke gudu cikin natsuwa. Inda ake gane gwani shi ne ranar da garin da za a je yake daidai inda iska ta fito. Babu jirgin ƙyalle da ke iya tunkarar iska kai tsaye, tanga za ta yi ta kaɗawa ne kawai, jirgi ya tsaya cik. Jiragen ƙyalle na zamani kan matsa kusa da ita har wajen digiri 45, jahazi kuwa yana bukatar fili fiye da haka. Sai nahoda ya ja igiya tamau, iska ta riƙa shafar tanga tana jan ta gaba, jikin jirgin da ke cikin ruwa kuma ya hana shi zamewa gefe. Ya yi nisa ta wannan hannu, ya juya ta wancan, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu a karkace, har ya isa.

Juyawar nan ita ce wurin da ake riƙe numfashi. Sandar tanga tana da tsawo da nauyi, don haka yawanci akan juya jirgi ya ba iska baya, a saki igiya, a miƙar da sandar tsaye, a zagayo da ita ta gaban gungume zuwa ɗaya gefen. A wannan ɗan lokaci joshi ya zama demani, kowa ya sauya wuri. Nahoda ne ke zaɓar daƙiƙar, yana kallon tahowar igiyar ruwa, yana jin iska a kuncinsa.

Wannan sani ya daɗe da shiga littafi. Ahmad bin Majid, shahararren matuƙin Larabawa, ya rubuta Kitabul Fawa'id wajen shekarar 1490, inda ya yi bayanin lokutan iskoki da alƙiblu 32 masu sunayen taurari. Amma yawancin nahodoji a jirgi suka koya, tun suna yara masu kwarfe ruwa, suna sauraron manya. Yau injuna sun yawaita, kuma ba laifi ba ne. Sai dai inji yakan mutu a tsakiyar teku, kuma ranar da ya mutu, rayukan fasinja na hannun Allah, sannan na hannun wanda ya san ta ina iska take. Irin wannan mutum ya cancanci a kira shi malami, a kuma tura masa almajirai tun yana da ƙarfin koyarwa.