Tubabbe da Ɗan Ridda: Yadda Ake Kiran Wanda Ya Bar Ƙungiyarsa ta Addini

A garuruwan yammacin Katsina irin su Batsari da Safana, kamar sauran ƙasar Hausa, ba abin mamaki ba ne a sami gida guda wanda uba ke zuwa wazifa da maraice, ɗansa kuwa yana salla a masallacin Izala, ko kuma a sami wanda ya yi shekaru cikin wata ƙungiya sa'an nan ya bar ta. Abin lura a wurin mai nazarin harshe shi ne, tafiya ɗaya ce mutumin ya yi, amma suna biyu ake ba ta. Waɗanda ya je wurinsu su ce ya tuba, ya gane gaskiya. Waɗanda ya baro kuwa su ce ya ɓata, ya zame, wani lokaci har a kai ga kalmar ridda, wadda a fiƙihu ficewa daga Musulunci ɗungurungum take nufi, alhali mutumin masallaci kawai ya sake.

Bambancin bai tsaya ga kalmomi ba, ya shiga har cikin ginin jumla. Idan ana ba da labarin mai shigowa, shi ne aikau: ya yi karatu, ya bincika, ya gane. Idan kuwa labarin mai fita ne, sai ya koma karɓau, a sa "an" a gaba: an saye shi, an ruɗe shi, an juya masa kai, an shanye shi. Watau tun kafin a saurari hujjarsa, nahawu ya riga ya raba shi da hankalinsa. Ba a cika jin an ce wane ya karanta, ya auna, ya ga bai yarda ba, don kuwa faɗin haka amincewa ce da cewa mai hankali yana iya duba abin da jama'a take kai ya ƙi shi.

Dalilan da ake jingina masa kuma ba su da yawa, kusan a iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: kwaɗayi, ko ƙyuya, ko fushi, ko taɓin hankali. Bayan da Shaihu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha a 1972, aka kuma kafa Jama'atu Izalatil Bidi'a wa Iƙamatis Sunna a Jos a 1978 ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris, saurayin da ya bar ɗariƙa ya sami kwatanci shiryayye yana jiransa. An ce kuɗin Larabawa ya hango. An ce rowa ce ta hana shi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, girman kai kuma ya hana shi tsugunawa gaida manya. Mafi zafi shi ne a ce ba ya son Annabi. Su ma 'yan Izala ba su rasa nasu ba: wanda ya koma zawiya, ai tuwon sadaka ne ya ja shi, ko tsoron bakin shehi, ko kuwa dama can tauhidi bai zauna masa ba. A cikin kaset-kaset na wa'azi da suka cika kasuwanni a shekarun 1980, da wuya a ji mai wa'azi ya kawo maganar abokin hamayyarsa yadda shi mai ita zai yarda cewa tasa ce.

Ba ana cewa ne duk zargin ƙarya ne ba. Akwai mai sauya sheƙa don abin duniya, ko'ina akwai shi. Aibin shi ne mayar da halin wasu ya zama bayanin kowa, har a rasa gurbin da za a ajiye mai gaskiya. Kuma tarihi ya sha tona asirin wannan salo, domin kalmomin ba su da ubangida. Da Izala ta rabu gida biyu, Jos da Kaduna, a 1991, kalmomin kwaɗayi da cin amana da aka saba jifar na waje da su sai aka juya su ciki. Haka aka yi a 1994, lokacin da wasu almajiran Malam Ibrahim Zakzaky suka ɓalle a Kano suka kafa Jama'atu Tajdidil Islam. Tun kafin waɗannan ma, rikicin ƙabalu da sadalu tsakanin Tijjanawa da Ƙadirawa ya nuna cewa ɗora hannu a ƙirji ko sakinsa ya isa a ba mutum suna.

Ita kanta kalmar yabon ba ta tsira ba. An daɗe ana kiran Bamagujen da ya musulunta tubabbe, sunan kuma yakan bi shi har 'ya'yansa, yana tuna masa inda ya fito. Mutanen Batsari da Safana sun ga kalmar ta ƙara sauya launi a 2019, sa'ad da gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindigar dajin Rugu aka riƙa kiransu tubabbu, hare-hare kuwa suka dawo. Kalmar da aka yi domin marhabin ta zama mai ɗauke da tuhuma.

Wannan hali ba na Hausawa kaɗai ba ne. Cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, mabiyansa sun daɗe suna bayyana masu fita da cewa an ɓata musu rai ne, ko ƙyuya ce, ko son aikata zunubi. Abin ya kai har ɗaya daga cikin manyan shugabanninsu, Dieter Uchtdorf, ya fito a babban taronsu na Oktoba 2013 ya ce lamarin bai kai haka sauƙi ba, akwai waɗanda suka yi shekaru suna fama da tambayoyi na gaskiya kafin su tafi. Jerin dalilan nasu kusan shi ne jerin da ake ji a ƙofar masallatan ƙasar Hausa, ko da yake babu abin da ya haɗa aƙidun biyu, wanda ke nuna cewa ba mai fita ake kwatantawa ba, waɗanda suka rage ake kwantar wa hankali.

To amma al'adar rubutu ta ƙasar nan tana da wani misali daban. Lokacin da Shaihu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya soki masu jihadi a kan kafirta mutanen da ke salla da azumi, Muhammadu Bello bai tsaya ga kiransa mai kwaɗayin mulki ba. Ya kwafe wasiƙar sukar cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sa'an nan ya bi ta da raddi. Saboda haka ɗalibi a yau yana iya karanta hujjar al-Kanemi da kalmominsa, ya yi nasa hukunci. Malaman 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilmi ta ƙasar Katsina da ke kusa da Tsafe, ba su sami wannan gata ba. Sun ƙi bin jihadi, aka yaƙe su, garin ya watse, kuma galibin abin da ake maimaitawa game da matsayinsu daga alƙalamin waɗanda suka ci su da yaƙi ya fito.