Kona da Jalingo: Nazarin Zaman Tsohon Gari a Bakin Birni

Wanda ya tsaya a bakin hanyar Kona da sassafe zai ga gari guda yana kwarara zuwa cikin wani. Mata da daro a ka, wannan da doya, waccan da kayan miya, wata da ƙunshin itace. Mai keke ya ɗebo 'yan makaranta har da na tsugune. Ma'aikaci ya goge takalmi yana sauri kada ya makara ofis. Duk Jalingo suka nufa. Da la'asar sakaliya kuma sai ruwan ya juya, kowa ya kamo hanyar gida da ɗan abin da ya samo. Wuni a birni, kwana a ƙauye: wannan salon zama shi ne abin da nake son mu duba da idon basira, domin ya zama al'ada mai zaman kanta a Arewa, amma ba mu cika tsayawa mu auna ribarsa da hasararsa ba.

Bahaushe ya san irin wannan zama. Mutumin Fanisau ko Kumbotso ko Ungogo ya daɗe yana sammako zuwa kasuwannin Kano ya koma gida da daddare, har birnin ya miƙo ƙafa ya iske shi a ƙofar gidansa. Abin da ya bambanta Kona shi ne ta girmi birnin da take raɓe da shi, kuma haihuwar birnin ma tana ɗaure da faɗuwarta.

Mutanen Kona reshe ne na Jukunawa, suna kiran kansu Jiba, sarkinsu kuma Kuru. Suna danganta asalinsu da daular Kwararrafa, wadda tarihin Kano da na Katsina suka san zafin mayaƙanta. A ƙarni na 19 garinsu mai ganuwa ne a gindin duwatsu, kuma ya shafe shekaru yana turje wa masarautar Muri. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kai hari ya sake kaiwa, ganuwa ba ta ba da kai ba. Sai ga wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, ya hauro Binuwai da jiragensa yana neman gindin zama don ya sha gaban kamfanin Ingilishi na Royal Niger. Ya ƙulla yarjejeniya da Sarki, ya kawo igwa da 'yan bindiga. A ƙarshen watan Disamba na 1892 igwa ta fasa abin da doki da mashi suka kasa. Aka kashe na kashewa, aka kama da yawa bayi, saura suka watse cikin duwatsu. A 1893 sansanin yaƙin da ke kusa ya zama mazaunin Sarki, aka sa masa suna Jalingo, kalmar Fulatanci mai ɗauke da ma'anar rinjaye. Waɗanda suka tsira suka dawo daga baya suka sake kafa bukkoki, suka ci gaba da noman dawarsu, ga sabon gari yana girma a gabansu.

Shekaru kusan ɗari ana wannan maƙwabtaka a hankali, har ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ta mai da Jalingo babban birni. Daga nan komai ya sauya taki. Sakatariya ta zo, bankuna suka zo, ma'aikata suka kwararo daga Wukari da Takum da Gembu da Zing, a 2008 kuma aka kafa jami'ar jiha. Kona ta wayi gari tana ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo.

Ba adalci ba ne a yi maganar wannan kusanci ba a faɗi alherinsa ba. Macen da naƙuda ta zo wa da gardama cikin dare tana iya isa asibiti kafin lamari ya ɓaci, abin da 'yar'uwarta ta ƙauyen kan dutse ba ta da shi. Manomi yana sayar da amfaninsa hannu da hannu, ba sai ɗan baranda ya ci rabin guminsa ba. Yaro yana iya yin karatu har jami'a yana cin tuwon gidansu. Kuma duk da haka idan an yi rasuwa dangi na kusa, idan an yi biki kowa ya san kowa. Wanda ya samu birni da ƙauye a wuni guda ya samu abin da mutane da yawa ke nema.

Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma farin yana fara bayyana ne a gona. Na sha ganin yadda abin ke faruwa a gefen biranenmu. Bana ka wuce ka ga masara ta yi goyo. Baɗi ka dawo ka tarar an kakkafa turaku, an ja igiya, dillali riƙe da awo yana cewa hamsin da ɗari ne fulotin. Shekara ta uku sai tulin bulo da yashi, ta huɗu sai katanga da ƙofar ƙarfe. Mai gonar ya karɓi kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, ya biya kuɗin makaranta, ya yi wa ɗaki rufin kwano, ya sayi keke don haya. Babu mai zarginsa, buƙata ce. Amma gona ana cinta kowace damina, kuɗin fuloti kuwa sau ɗaya ake cinsu. Jikan da za a haifa zai tashi ya ga ba shi da inda zai sa fartanya, kuma ba lalle ya samu aikin ofis ba. Dokar filaye ta 1978 ta ƙara nauyi a kan lamarin, domin ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma da zarar an ayyana wuri cikin yankin birni, mai takardar mallaka ya fi mai cewa nan kakana ya sare daji ƙarfin murya.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma a nan dole mu masu Hausa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hausa ce harshen kasuwar Jalingo, ita ce ta cikin keke, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a majami'u da yawa. Ta haɗa Mumuye da Bafulatani da Bajukune a inuwa guda, wannan abin alfahari ne. Amma a irin waɗannan gidaje na bakin birni za ka ji kaka ta yi wa jika magana da harshen gida, ya amsa mata da Hausa. Yana ji, ba ya mayarwa. Ɗansa kuma ko jin ba zai yi ba. Duk harshen da ya mutu yana tafiya da sunayen itatuwa da magungunansu, da waƙoƙin noma, da kirarin sarakuna. Ƙaunar Hausa ba ta buƙatar mu so ta zauna a kan kabarin harshen Jiba.

Na uku shi ne labari. Abin da ya faru a 1892 yana da fuska biyu: a wani gida nasara ce da ta kafa birni, a wani gidan kuma ranar makoki ce. Jikokin ɓangarorin biyu yau kasuwa ɗaya suke ci, aji ɗaya suke zama, har da auratayya. Idan ba a ba yara labarin a fili da adalci ba, za su ji shi a ɓoye daga bakin masu neman hura wuta. Tashin hankalin 2019, wanda ya raba mutanen ƙauyukan yankin Kona da gidajensu har suka fake a Jalingo, ya isa ya tuna mana cewa miki da aka rufe ba a wanke ba, ruɓa yake yi.

Ingila ta riga mu fuskantar wannan tambaya. Dokar tsara garuruwa ta 1947 ta hana mutum gini a gona sai da izini, aka kuma kewaye manyan birane da zoben filayen da ba a taɓawa. A 1967 wata dokar ta ba da damar ware tsofaffin unguwanni da ƙauyuka a kare su. Shi ya sa har yau ake samun ƙauye mai cocin da ya shekara ɗaruruwa a bakin babban gari. Amma su ma sun yi tuntuɓe: gidajen suka yi tsada, masu kuɗin birni suka saye, 'ya'yan ƙauyen suka kasa zama a inda aka haife su. An tsare gini, an rasa mutane. Darasin da ya dace da mu ke nan, mu fara da mutane.

Abin yi a Kona bai fi ƙarfinmu ba. Fadar Kuru da gwamnatin jiha za su iya shata gonakin gado da ba za a yanka fuloti ba, a rubuta su da sunan dangi. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa za ta iya auna wurin tsohon garin ta sa masa alama kafin mai fasa dutse ya riga ta. Ɗaliban jami'ar da ke nan kusa, da wayar hannu kawai, za su iya naɗar muryoyin tsofaffi tun suna raye. Makarantun firamare na yankin kuma su ba harshen gida ko da sa'a guda a mako.

Kona ta ga igwa, ta kuma tashi daga toka, domin waɗanda suka gudu sun san inda za su dawo, sun san sunan kowane dutse, suna da harshen da za su kira juna da shi. Yaron da na gani tsugune a keke da safe shi ma zai dawo da yamma. Haƙƙinsa ne a kanmu ya tarar da gona, ya tarar da mai ba shi labari, kuma ya fahimci harshen da ake ba shi labarin da shi.