Jin Abin da Ba a Faɗa Ba: Nazari a kan The Remains of the Day

Wannan takarda ta dubi wata ƙwarewa da ɗalibin adabin Ingilishi kan samu, wadda aikin ba da shawara ga masu damuwa ke buƙata, wato jin abin da mai magana ya binne a cikin maganarsa. An ɗauki misali daga ƙagaggen labarin The Remains of the Day (1989) na Kazuo Ishiguro. Shi kansa marubucin Ingilishi da falsafa ya karanta a Jami'ar Kent, sannan ya yi aiki da marasa matsuguni a Landan kafin ya shahara.

Tauraron littafin, Stevens, shugaban hadimai ne a gidan Darlington a Ingila, kuma daga bakinsa ake jin labarin, yayin wata tafiya da ya yi a mota a 1956. Ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya faru yake faɗa, sai dai yakan laƙaba masa sunan da ba nasa ba. A daren da mahaifinsa ya rasu a 1923, Stevens yana can yana zuba wa manyan baƙi abin sha. Bai ce ya yi kuka ba. Maigidansa ne ya lura da fuskarsa ya tambaye shi, shi kuwa ya ce gajiya ce, daga baya ma ya lissafa daren cikin nasarorinsa. Haka kuma a ƙarshen littafin, a bakin teku a Weymouth, sai da wani baƙo ya yi masa tayin hankici kafin mai karatu ya gane hawaye yake yi. Ɗalibin da ya saba da irin wannan salo ba zai tsaya a kan “gajiya ce kawai” ba idan ya ji ta daga bakin mai neman taimako, musamman inda ake ɗaukar dauriya a matsayin mutunci.

Amma kamancen yana da iyaka. Manazarci yana da littafin dukansa a hannu, yana iya komawa baya ya kama Stevens da saɓanin zance, kuma hukuncinsa ba ya yi wa Stevens ciwo. Mai ba da shawara da ya ce wa mutum yaudarar kansa yake yi tun zaman farko, da wuya ya sake ganinsa. Saboda haka baƙon nan na Weymouth ya fi manazarci cancantar a yi koyi da shi: bai fahimci duk zancen ba, bai ɓoye hakan ba, amma ya zauna ya saurara har Stevens ya faɗi da bakinsa cewa ya sallama wa maigidansa rayuwarsa ba tare da ya zaɓi kome da kansa ba.

Riƙon sirri da gane alamun wanda ke shirin hallaka kansa kuwa, ba a ajin adabi ake koyonsu ba. Sai da horo na musamman a ƙarƙashin ƙwararru.