Dattijon da ke Gyara Birkinsa a Tsakar Gida

Duk wanda ya taɓa bin titin Sarki Fahad a Riyad bayan la'asar ya san ba a wasa da birki a garin nan. Motoci na gudu kai da kai, sai a tsaya cak ba sallama. Shi ya sa ranar da na iske wani dattijo mutumin Katsina, wanda ya daɗe yana tuƙi a nan, kwance rigingine ƙarƙashin sitiyarin tsohuwar Cressida ɗinsa, ƙafafu a waje, 'yar tocila a baki, sai na nemi wuri na zauna.

Abin da yake canjawa shi ne baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke manne a bangon da ya raba inji da direba, wadda makanikan Riyad ke kira bakim. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta gida biyu. Inji yana zuƙe iskar ciki ta wani tiyo. Da ka taka birki sai ƙofa ta buɗe wa iskar waje ta ɓangare ɗaya, ita kuma ta danna faifan, ta taya ƙafarka turawa. Wato iskar da muke shaƙa ce ke taimakawa a tsayar da motar da ta fi tan ɗaya nauyi. A garin da zafin Yuli ke wuce digiri 40, roba kan bushe ta tsage, daga nan birki ya yi tauri kamar dutse, ana jin wani huci a ƙarƙashin ƙafa.

Bai sayi komai ba sai da ya tabbatar da cutar. Ya kashe mota, ya taka birki sau biyar har ya ƙage, ya bar ƙafarsa a kai, ya tayar da inji. Lafiyayyen bakim zai ja ƙafar ƙasa kaɗan. Nasa ko motsi. Ya duba tiyon, ya zuƙi ɗan bawul ɗin da ke bakinsa ya ji iska hanya ɗaya take bi, sannan ya yarda tukunyar ce ta mutu. Toyota ta daina ƙera Cressida tun shekarun 1990, don haka sai da ya tafi tashlih na Ha'ir, kudu da birni, inda ake farke matattun motoci ana sayar da kayansu.

Cirewa ba wuya gare ta sai ga baya da wuya. Noti biyu ke riƙe da mastan birki, wato famfon man birki da ke manne da bakim, ya kwance su, ya janye shi a hankali ba tare da ya buɗe bututun mai ba, don kada iska ta shiga. Ya shafa bayan mastan da yatsa ya ga a bushe yake. Da yana yoyo, man birki zai cinye sabuwar robar kamar yadda yake cin fenti. Sai noti huɗu na ƙarƙashin sitiyari, da fil ɗin da ya haɗa sandar bakim da abin takawa.

Inda ya burge ni shi ne wurin 'yar sandar da ke fitowa daga bakim tana tura masta. In ta yi tsawo ko da kaɗan, birki ba ya sakin taya gaba ɗaya, ana tafiya yana ɗaukar zafi har ya kama. In ta gaza, ƙafa ta nutse kafin mota ta ji. Tazarar da ake nema ba ta kai milimita ɗaya ba, ido kuma ba ya kaiwa wurin. Sai ya shafa alli a kan sandar, ya mayar da masta, ya sake cirewa, ya duba inda allin ya taɓa, ya murɗa kaɗan, ya maimaita. Na ƙirga sau huɗu.

Na ce, "Baba, ai da kun kai ta wurin makanikai a Sina'iyya da tuni an gama."

Ya ce, "Yaro, jikokina nake ɗauka a motar nan. Gara in san abin da hannuna ya ɗaure."

Da safiyar Juma'a, lokacin da titunan unguwa ba kowa, ya fita gwaji a hankali. Ya dawo ya kara hannu kusa da kowace taya, ya ji babu wadda ta fi 'yar uwarta zafi. Sannan ya sake kwanciya ya duba makarin fil ɗin nan.

Mai karatu, in za ka yi aikin nan a gida, kada ka hau babban titi sai ka yi wannan gwajin, ka kuma ga makarin da idonka.