Matar da Aka Aura Don Rufin Asiri: Nazarin Wani Reshe na Finafinai

Daga cikin rassan fim da suka yi toho a ƙasashen waje cikin shekaru arba'in ɗin da suka wuce, akwai wani wanda ba a cika ambatonsa a majalisunmu ba sai da tsaki ko da kau da kai, shi ne wanda ke ba da labarin namiji Musulmi da zuciyarsa ta karkata ga namiji ɗan'uwansa, yana ɓoye wannan hali ga iyayensa da danginsa, yana ta faman haɗa abubuwa uku da suka ƙi haɗuwa a hannunsa: abin da ransa ke so, da addinin da bai yarda ya bari ba, da gidan da ya haife shi. Galibin masu nazari sukan fara lissafi daga My Beautiful Laundrette, wanda Hanif Kureishi ya rubuta, Stephen Frears ya shirya a Ingila cikin 1985. Abin da ya sa na ga bai kamata a ci gaba da yin shiru a kan wannan reshe ba shi ne, fim a yau ba ya neman iznin mai gari kafin ya shiga gari. Saurayi a Tsaskiya, can ƙasar Safana a gefen Dajin Rugu, yakan miƙa wayarsa ga mai turi a cika masa ita da fassarar Algaita da duk abin da ya samu, kuma ko a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, abin da ya riga ya shiga wayoyi bai fasa yawo daga hannu zuwa hannu ba.

Wajibi ne a fara da hukunci, domin mai kallo Bahaushe da shi yake zama gaban fim. Fukaha'un mazhabobi huɗu ba su yi saɓani a kan haramcin luwaɗi ba, saɓaninsu a kan uƙubarsa ne, kuma Malikiyya, wadda muke karanta Risala da Mukhtasar ɗinta a zaurukanmu, tana cikin masu tsanantawa. Jihar Katsina ta koma aiki da Shari'a a 2000, dokar tarayya kuma da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanka ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Amma fa littattafan nan da suka tsananta, su ne kuma suka kewaye mutum da katanga mai kauri: ba a tabbatar da laifin sai da iƙirari ko shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu, wanda ya jefi wani da shi ba da hujja ba bulala tamanin ta ƙazafi na jiransa, Suratul Hujurat ta hana tajassusi, malamai kuma sun rarrabe tsakanin abin da zuciya ta ɗarsa, wanda ba a kama bawa da shi, da abin da gaɓɓai suka aikata. Ibn Hazm na Andalus, faƙihin da ba a san shi da sassauci ba, ya kawo a littafinsa Ɗauƙul Hamama labaran mazan da son wani namiji ya kwantar da su, bai mai da su abin dariya ba, ya yi musu wasiyya da kamewa. Duk fim ɗin da ya jahilci wannan fili mai faɗi da ke tsakanin haddi da sutura, ko don ya yabi mutumin ne ko don ya la'ance shi, bai san gidan Musulmi ba.

Mafi yawan finafinan da aka shirya a Turai da Amurka tsari guda suke bi, ginshiƙinsu kuwa shi ne ranar furuci, wato sa'ar da saurayi zai tsaya gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata da bakinsa. A fim ɗin Touch of Pink na Ian Iqbal Rashid, 2004, Alim yana zaune a Landan da abokin zamansa Bature, uwarsa Nuru ta taso daga Toronto don ta ja shi ga aure, aka yi ta ɓoye-ɓoye, daga bisani gaskiya ta fito, uwa ta huce. A cikin fim ɗin akwai ɗan'uwansa Khaled, wanda shi ma halinsu ɗaya, amma ya zaɓi a ɗaura masa aure ya ci gaba da sha'aninsa a ɓoye. Fim ɗin ya nuna shi a matsayin munafuki, ya wuce, amaryar da aka yi wa lalle dominsa kuwa ba a tsaya an tambayi makomarta ba. Naz & Maalik na 2015, labarin samari biyu baƙaƙen fata a unguwar Brooklyn cikin wuni guda na Juma'a, ya fi shi natsuwa, domin ya bar su da tsoronsu biyu, na iyaye da na 'yan sandan ciki masu bibiyar Musulmi. A Jihad for Love na Parvez Sharma, 2007, wanda ba ƙagaggen labari ba ne, an ɗauke shi a ƙasashe 12, ya nuna mutane masu salla da azumi da fuskokin wasunsu a rufe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bayyana fuskarsu, Muhsin Hendricks na Afirka ta Kudu, an harbe shi har lahira a Fabrairun 2025.

To, wannan tsari na furuci, in an ɗora shi a kan gida irin na Tsaskiya, ba ya zama. A inda uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, a inda saurayi mai son auren 'yar maƙwabta ba ya iya buɗe baki gaban mahaifinsa sai ya bi ta wajen kawu ko gwaggo, yaya za a yi tsammanin ya durƙusa ya ce, "Inna, ga abin da ke raina," a kan al'amarin da ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba? A irin waɗannan gidaje sani yana gabatar magana, sau da yawa ma yana maye gurbinta har abada: uwa ta lura, ta yi shiru, ta ƙara tsawon sujada, in kaka ta yi aka sayar da amfanin gona ta matsa a yi masa aure. Babu ɗakin haya da zai koma a wata unguwa inda ba a san asalinsa ba; iyakar mafitarsa ci-rani, Kano ko Abuja ko Ikko, ya dawo da damina. Saboda haka a ƙasarmu tsakiyar labarin tana can bayan ɗaurin aure, daidai inda finafinan Turai ke rufe labule.

Fim na farko a Afirka ta Yamma da ya doshi wannan wuri shi ne Dakan, na Mohamed Camara, mutumin Gini, wanda aka nuna a bikin Cannes cikin 1997 bayan gwamnatin ƙasarsa ta janye tallafinta da ta ji abin da ya ƙunsa. Samari biyu ne, Manga da Sory. Mahaifiyar Manga ta kai shi wajen masu magani a ƙauye a yi masa wanka da tsubbu, mahaifin Sory, attajiri mai son magaji, ya ga ɗansa ya yi aure har ya haihu. Duk Bahaushen da ya ga wannan uwa zai gane ta, domin da rubutun sha da turaren hayaƙi da sadakar ƙosai irin wannan fafutuka uwayenmu ke yi a kan duk abin da ya fi ƙarfinsu. Sai dai a ƙarshe Camara ya sa samarin biyu a mota suka kama hanya, matar Sory da jaririnta aka bar su a baya, kuma a nan nake ganin ya gaza, domin ya biya wa mutum biyu buƙata da haƙƙin mutum biyu, bai ko waiwaya ya ƙirga asarar ba.

Wanda ya waiwaya shi ne fim ɗin Maryam Touzani ta Maroko, The Blue Caftan, 2022, kuma a kansa nake so in daɗe. Halim gwanin ɗinki ne a tsohon birnin Sale, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage masu yi wa kaftani ado da hannu ba da keke ba; matarsa Mina ce ke tsaron kanti, ita ke ciniki, ita ke tare masa masu gaggawa, ciwon daji kuma yana cin ta a hankali. Suka ɗauki almajirin ɗinki, Yusuf. Ba a taɓa yin furuci irin na Landan a wannan fim ba. Ana nuna hannun Halim yana murza zaren zinariya, yana ɗora yatsunsa kan na yaron don ya gyara masa riƙon allura, yana daɗewa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, Mina kuwa tana daga bakin kanti ta ɗago kai ta gani, ta sunkuyar. Wanda ya taɓa zama kusa da masu ɗinkin aska takwas a Zariya, ya ga yadda riga guda ke cinye watanni, zai fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi wannan sana'a, domin mutumin da ya saba haƙuri da allura shi ne zai iya ɗaukar sirri shekara da shekaru. Kishi ya sa Mina ta tuhumi yaron da satar wani yadi, yadin ya fito daga baya, ta ɓoye, sai da ciwo ya kwantar da ita ta nemi gafararsa. Fim ɗin bai wanke Halim ba, ya nuna shi yana zuwa gidan wanka yana aikata abin da yake jin kunyarsa. Bai kuma ƙaryata ƙaunar da ke tsakaninsa da matarsa ba, ga shi yana ɓare mata lemo, yana wanke ta, yana canja mata tufafi da hannunsa. Mina mai salla ce, kuma saninta da halin mijinta bai zama jahilci ko wauta ba, zaɓi ne da ta yi ta biya kuɗinsa. Wuri guda ne na ƙi bin Touzani: da Mina ta rasu, Halim ya tufatar da gawarta da shuɗin kaftanin maimakon farin likkafani, abin da zai burge 'yan kallo a Faransa, amma mace mai ibada irin wadda aka nuna mana da wuya ta so a yi mata haka. Duk da dokar Maroko tana ɗaure mai neman maza daga wata shida zuwa shekara uku, ƙasar ce da kanta ta aika da fim ɗin gasar Oscar.

Idan muka juyo gida, tun daga Turmin Danya na 1990 masana'antar Kano ba ta san wannan mutum mai ɓoyo ba. Wanda ta sani shi ne ɗan daudu, kuma ta san shi ne don dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya fito a Ibro Ɗan Daudu a farkon shekarun 2000, da ɗaurin zane a ƙirji da tafa hannu da karya murya da habaici, jama'a suka yi ta ƙyaƙyatawa. Alhali kuwa daudanci da neman maza ba abu guda ba ne: akwai ɗan daudun da iyakarsa suyar kaji da tuwon sayarwa a tasha, akwai kuma mai rawani da gemu wanda ba wanda zai zarga. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990 ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya tarar da yawancinsu suna ɗaukar aure da haihuwa a matsayin wajibin kowane namiji, da dama kuma suna da mata da 'ya'ya. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana nuna daba da daudanci a fim cikin 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha. Hanin ya kawar da mai tafa hannu daga allo, amma bai taɓa gidan da ake zaman shiru a cikinsa ba, domin wannan gida dama ba a taɓa nuna shi ba.

Abin mamaki ne a ce masana'antar da ta ƙare ƙuruciyarta a kan auren dole da kishiya da uwar miji ba ta ga wannan matar ba, yarinyar da aka kai ɗakin miji da gara da kayan ɗaki don ta zama magani ga cutar da ba a gaya mata sunanta ba. Labarinta ba ya buƙatar a nuna alfasha ko a halatta haram. Miji yana ciyarwa yana tufatarwa, ba ya zagi ba ya duka, amma yana raba dare a waje, in ya shigo ya juya mata baya. Ta kai kuka gida, uwarta ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, zaman aure ibada ne." In shekara ta juya babu ciki, ita dangin miji za su kira juya, ita za a kai wa masu magani. In ta je gaban alƙali, mazhabar Malik ta ba ta ƙofar neman rabuwa saboda cutarwa, ƙaurace wa shimfiɗa kuma cutarwa ce. Sai dai ba ta iya faɗin abin da take zato, domin ba ta da shaidu huɗu, ƙazafi zai hau kanta, in kuma ta tabbatar, ta jefa uban 'ya'yanta ko ɗan gwaggonta cikin halaka. Sau da yawa sai ta zaɓi hul'i, ta mayar da sadakin da iyayenta suka riga suka kashe a kan gado da kwanuka, ta koma gidansu bazawara, mutanen gari suna cewa ba ta iya zaman aure ba.